BASHIN DA NA BIYA BAYAN NA SHIGA JAMI'A

Masu karatu sun saba ganin ina ba da shawara a kan iri, da taki, da ajiyar hatsi. Yau kuwa labarin kaina zan bayar, ko da yake ba irin labarin da mutum zai yi alfahari da shi ba ne. Akwai wani dattijo a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zagayawa wanda na riƙe masa bashi har shekara shida. Bashin nan kalma uku ce kawai: "Na yi kuskure." Sai da na je jami'a a Kano na zauna gaban malamai, na kuma zauna a wani zaure cikin birni, sa'an nan na sami ƙarfin halin biya. Na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya faru domin 'yan'uwana malaman gona, da yaranmu masu shirin tafiya manyan makarantu, da iyayen da suke sayar da hatsi da awaki su biya musu kuɗin karatu.

Yadda Na Ci Bashin

Da na gama kwalejin horon malamai na koyar a firamare shekara biyu, sa'an nan na koma aikin raya karkara. Aka ba ni horo na 'yan watanni, aka ba ni babur da jakar takardu, aka ce na zama malamin gona. A lokacin nan ina ganin duk abin da ba ya cikin takarduna jahilci ne.

Dattijon nan yana da gona a bayan gidansa wadda ta sha taki shekara da shekaru. Yakan shuka gero da ruwan fari, ya bi da dawa a tsakani, in damina ta zauna ya shuka wake a ƙarƙashinsu, ga kuɓewa da yakuwa a gefe. Ni kuwa da na gani sai na ce wannan hargitsi ne. Na yi ta zarya gidansa har ya yarda muka mai da ita gonar gwaji: masara zalla, layi-layi da igiya, da takin zamani buhu biyu wanda sai da ya ci bashi ya saya. Ranar shuka ya ce mini, "Ɗana, ƙasar nan jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Mu bar wa gero ko da kunya goma ce." Na ce, "Baba, ai zamani ya sake."

Masara ta tashi kore shar, masu wucewa suna tsayawa kallo, ni kuma ina hura hanci. Daidai lokacin da ta fara goyo sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Ganye ya nannaɗe, ƙuduji ya yi fure a gindinta. Maƙwabta masu irin shukar da na raina suka yanke geronsu, suka sami dawa ko da ba yawa, suka roro wake, suka ɗaure harawa. Shi kuwa abin da ya samu bai kai shi ƙarshen rani ba. Kafin wata kaka sai da ya sayar da awaki biyu ya auni hatsi.

To, wannan kuskure ne, ɗan Adam kuwa tara yake bai cika goma ba. Amma abin da ya biyo baya ya fi muni. Da na zo rubuta rahoton ƙarshen shekara sai na sa cewa manomin bai bi umurni sosai ba, alhali na san ba haka ba ne. Tun daga ranar nan in na hango shi sai in sake hanya.

Jami'ar Da Aka Haifa Cikin Ganuwa

Bayan 'yan shekaru na sami shiga Jami'ar Bayero domin in ƙaro ilimin aikin gona. Na girmi yawancin 'yan ajinmu da shekara goma, na baro iyali a gida, kwamfuta kuwa sai da yara suka nuna mini inda ake taɓawa. Ba a daɗe ba suka raɗa mini suna Kawu.

Mutane da yawa ba su san cewa cikin tsohon birnin Kano aka haifi wannan jami'a ba. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyar da shari'a a cikin birni, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta ta zama makarantar nazarin Larabci. A cikin ginin wannan makaranta ne aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sake wa kwalejin suna ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, reshen Zariya. A 1964 ta yi zaman aro a tsohon masaukin baƙi na filin jirgin sama, da ɗalibai goma kacal masu neman digiri, waɗanda suka gama a 1966. Daga baya ta koma bayan ganuwa, kusa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya. A 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta, Dokta Mahmud Tukur kuwa shi ne shugabanta na farko. Da na ji wannan tarihi sai hankalina ya ɗan kwanta, gama ita ma jami'ar da rarrafe ta fara.

Malamar Da Ta Ce Ba Ta Sani Ba

A firamaren da na yi, kowane kuskure bulala ce. In an ba ka lissafi biyar ka ci uku, ka miƙa hannu sau biyu. Yaron da ya tashi haka yakan koyi abu biyu: ya yi shiru in bai gane ba, ya ɓoye in ya ɓata. Ni ma da na riƙe alli haka na yi wa 'ya'yan mutane. Da wannan hali na shiga jami'a. Zangon farko ban ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, don kada yara su yi wa Kawu dariya. Ƙarshenta na faɗi darasin ƙididdiga, sai da na maimaita shi tare da na bayanmu. Kunyar da na guda ta minti ɗaya ta zama ta shekara guda.

Wata malama ce ta fara warkar da ni. Wata rana wani yaro ya tambaye ta abin da ya sa gawo yake zubar da ganye da damina, ya kuma tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Ina jira in ga yadda za ta rufe bakinsa da babban Turanci, sai na ji ta ce, "Na san amfanin hakan ga shukar da ke ƙarƙashinsa, amma dalilin ban san shi sosai ba. Ku bincika, ni ma zan bincika." Mako na zagayowa ta zo da abin da ta samo, har ta ƙara da cewa akwai wani adadi da ta ba mu ba daidai ba a darasin baya, kowa ya buɗe littafinsa ya gyara. Na duba fuskokin 'yan aji, ban ga wanda ya raina ta ba. Ajinta ne ma ya fi kowane cika.

Ita ce kuma ta dawo mini da wani aiki da na rubuta, inda na ce manoma ba sa karɓar sababbin dabaru saboda jahilci. Ta ja layi da jan biro, ta rubuta a gefe, "Wa ya gaya maka? Ka tambaye su?" Na bi ta ofis na ce, "Malama, shekaruna nawa ina wannan aiki, na san manoma." Ta ce, "Malam, ban musa ba. Amma a cikin shekarun nan sau nawa ka yi magana, sau nawa ka saurara?" Ban sami amsa ba. Sai ta ba ni aiki in shiga cikin birni in binciko yadda takin gari yake zuwa gonakin da ke kewaye da Kano.

Zauren Cikin Birni

Wani yaro ɗan ajinmu, haifaffen wata unguwa kusa da Goron Dutse, ya ce zai kai ni wurin kakansa, wanda ya yi fataucin taki da jakuna tun yana saurayi, yanzu kuma yana koyar da karatu a zaurensa. Muka bi ta lunguna da rani, ana hunturu.

Mai karatu ya sani birnin nan tsohuwar makaranta ce. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Malamai Wangarawa sun zo tun zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili kuma ya zauna a birnin zamanin Rumfa, unguwar Madabo kuwa ta daɗe da suna wajen ilimi. Birnin tsohuwar gona ce kuma. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi a cikin ganuwa. Yau gidaje sun cinye yawancinsu, ganuwar ma ta zaizaye a wurare da yawa.

Muka yi sallama, muka tuɓe takalma, muka zauna a tabarma. Ban bari gaisuwa ta ƙare ba na zaro takardar tambayoyi da biro. Na ce, "Baba, awakinka nawa? Dami nawa ka samu bara?" Dattijo ya dube ni, ya dubi jikansa, ya ce, "Kai, ashe mai karɓar haraji ka kawo mini? Na ce Rimi ya soke haraji da jangali tun 1979?" Mutanen zaure suka fashe da dariya. Na mai da takardata jaka jikina a sanyaye. A hanya yaron ya ce mini, "Kawu, ai ba a ƙirga wa mutum dukiyarsa a gaban jama'a." Ni da aka haifa a ƙauye na san wannan sarai, takarda ce ta mantar da ni.

Na koma bayan kwana uku ba takarda, na ce na zo neman gafara da neman sani. Ya ce, "Yanzu ka zo." Ya faɗa mini yadda da rani jakuna suke shigowa ta ƙofofi da itace da kara da hatsi, su fita da mangala cike da taki. Ya ce taki ba ɗaya ba ne: na turken awaki da tumaki daban, tokar murhu daban, sharar tsakar gida daban, kowanne da ƙasar da yake so. Ana jibge shi tsibi-tsibi a gona tun da rani, a baza shi gab da shuka. Ya ce yanzu motoci sun karɓi yawancin aikin jakuna, kuma sharar yau ba irin ta da ba ce: sai an tsince leda da kwalba da batir, in ba haka ba ka kai wa gonarka cuta da kuɗinka.

Ina zaune wani ɗalibinsa, magidanci mai furfura, ya buɗe littafi yana karantawa. Ya yi tuntuɓe a wata kalma, malam ya gyara masa a gaban kowa, ya maimaita, suka wuce. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai sunkuyar da kai ba. Na ga abin da malamarmu take yi a jami'a shi ake yi a wannan zaure: an ɗauki gyara a kan shi ne karatun.

Manyan Masana Ma Sun Sake Ra'ayi

Da na kai rahotona, malama ta ba ni wasu littattafai, a ciki kuwa na ga ba ni na fara irin kuskurena ba.

An daɗe ana koya wa malaman gona cewa shuka iri ɗaya zalla ita ce noman ci gaba. Sai wani Bature masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka shiga ƙauyukan Zariya, irin su Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, a shekarun 1960. Suka bi manoma gona-gona suna auna aiki da amfani. Abin da ya buga a 1974 ya nuna haɗa shuka yakan ba da amfani mai daraja fiye da shuka zalla a fili ɗaya, yana rage hasara a shekarar da ruwa ya yi gardama, yana kuma sauƙaƙa wahalar watannin Yuni da Yuli, lokacin da noma yake yi wa kowa yawa. Dalilan a fili suke. Gero yana nuna da wuri, dawa tana biyo baya, ba sa neman ruwa da abinci a lokaci ɗaya. Wake yana rufe ƙasa, saiwarsa tana da 'yan ƙulle-ƙullen da suke tara abincin shuka daga iska, harawarsa ta ciyar da awaki, awaki su ba da taki.

Michael Mortimore, Baturen Ingila wanda ya koyar a Zariya daga 1962, ya kuma koyar a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya yi nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin Kano. Masana da yawa suna cewa inda mutane suka yi yawa haka, ana noma kowace shekara ba hutu, lalle ƙasa ta mutu. Shi kuwa ya nuna manoman Kano sun riƙe ƙasarsu da taki, da dabbobi, da itatuwan da suke bari a gona. Watau abin da dattijon zaure ya gaya mini a tabarma shi ne aka rubuta a manyan littattafai.

A Maradi kuma wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Ya yarda hanyarsa ta farko ba ta yi ba, ya koma aiki da manoma suna rage rassa suna barin masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan 5.

Kada wani ya ɗauka ina cewa binciken zamani banza ne. Da masana suka daina raina haɗa shuka sai suka shiga gyara ta. Masu binciken wake na cibiyar IITA a Kano sun fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, da irin wake mai nuna da wuri. Ilimin ya yi amfani ne bayan ya saurari mai gona.

Ranar Biya

A 2022 malaman jami'o'i suka yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na koma gida, damina guda cur tana gabana, ba ni da sauran hujja. Wata yamma na tarar da dattijon nan a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, maganar masarar nan ce ta kawo ni. Ka gaya mini gaskiya na ƙi ji. Na jawo maka hasara, na kuma rubuta cewa laifinka ne. Na yi kuskure, ka gafarce ni."

Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Ɗana, hasarar awaki ba ta dame ni kamar yadda ka daina gaishe ni ba. Tun ranar shuka na san abin da zai faru. Na yarda ne don kada in kunyata ka a gaban mutane, kana sabon zuwa." Wannan magana ta fi bulala zafi. Ashe shi ya rufa mini asiri da abincin iyalinsa, ni kuwa na tona nasa da biro.

Na je ofishinmu na nemi a haɗa takardar gyara da tsohon rahoton. Awaki biyu kuma na mayar a hankali, ko da yake sai da aka sa baki kafin ya karɓa. A daminar nan muka yi gwaji a kunya goma kawai a gefen gonar, sauran kuwa ya shuka yadda ya saba. Sabon waken ya riga nasa nuna, ya kuwa ji daɗinsa don ya zo lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma ya ce harawarsa ba ta kai ta waken gida ba, saboda haka zai riƙa shuka duka biyu. Na rubuta maganarsa a rahoto yadda ya faɗe ta.

Abin Da Zan Bar Muku

Ga ɗalibai: ku yi tambaya tun a makon farko. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya faɗi jarrabawa ya faɗa wa iyayensa da bakinsa, ya nemi malamin ya nuna masa inda ya kauce. In kun dawo hutu ku riƙi fartanya, ku tambayi tsofaffi dalilin abin da suke yi kafin ku ce za ku gyara musu.

Ga malaman makaranta: yaron da ake duka saboda kuskure ba ya daina kuskure, ɓoyewa yake koya. Wata rana shi ne zai zama malamin asibiti ko malamin gona, ya ɓoye abin da zai cuci jama'a. Ku bar yara su ji kuna cewa "ban sani ba, bari in bincika."

Ga 'yan'uwana malaman gona: kuskuren ɗalibi a takarda yake ƙarewa, namu kuwa a rumbun wani yake ƙarewa. Kada mu gwada sabon abu a dukan gonar mutum, kunya biyar ko goma sun isa. Mu tambayi halin ƙasar kafin mu buɗe jaka, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In gwaji ya lalace mu rubuta gaskiya, domin na bayanmu kada su faɗa ramin da muka faɗa.

Ga manoma kuma: kada kunya ta sa ku yarda da abin da kuka san ba zai yi ba. Ku faɗa mana a fili, ko da mun zo da babur da takarda. Za mu ji zafi a ranar, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In ƙungiyarku ta taru a wannan wata, ku tattauna a kan wannan: wace shawara ce aka taɓa kawo muku wadda ba ta yi ba, kuma wa kuka gaya wa? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu kunnen jin gyara.